Yadda ake tsara ma'ajiya da hanyar sadarwa ga sabobin biled a cibiyar bayanai

Saba kwamfuta ce da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima. Sabar biled kuwa siririyar saba ce da ba ta iya tsayawa da ƙafarta. Ba ta da gidan wuta nata, ba ta da fanka, kuma babu kafar da za ka soka mata kebul a bayanta. Zura ta ake yi cikin babban akwatin ƙarfe tare da 'yan'uwanta, akwatin ya ba su wuta da iska, ya kuma sada su da waje ta wani allo da ke tsakiyarsa. Akwatin c7000 na HP, wanda ya fito a 2006, yana ɗaukar biled 16 a tsayin 10U. M1000e na Dell shi ma 16 yake ɗauka a 10U, akwatin 5108 na Cisco UCS kuwa takwas a 6U. U ɗaya inci 1.75 ne na tsayin rak, wato kantar ƙarfe da ake jera na'urori a cikinta.

Ribar wannan tsari a fili take: wuri kaɗan, kebul kaɗan. Sai dai duk bayanin da biled za ta karanta ko ta rubuta a ma'ajiyar waje, da duk saƙon da za ta aika, ta 'yan ramukan da ke bayan akwatin nan zai bi. Shi ya sa ba a raba zancen ma'ajiya da na sadarwa a nan, kuma ana yanke shawararsu ne kafin a sayi akwati, ba bayan an ɗaure shi a rak ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Mataki na farko: auna aikin da sabobin za su yi

Yawan terabayit shi ne abin da kowa yake fara tambaya, amma ba shi yake kayar da mutane ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sau nawa za a karanta ko a rubuta a daƙiƙa ɗaya, wato IOPS, da kuma jinkirin da manhajarka za ta iya jurewa. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti da ƙyar yake kai IOPS ɗari, alhali SSD ɗaya, wato faifai marar juyawa, tana ba da dubun-dubata. Rumbun bayanai yana son amsa nan take, ajiyar bidiyo kuwa faɗin hanya take so.

Idan akwai tsofaffin sabobi da ke aikin yanzu, daga gare su za ka ɗauki awo: iostat a Linux, Performance Monitor a Windows. Ka auna a lokacin da aiki ya fi zafi, musamman lokacin da ake kwafar bayanai don ajiyar ko-ta-kwana, kada ka dogara da matsakaicin yini. Ka kuma duba ina zirga-zirgar take nufa: tsakanin sabobin ne, ko zuwa waje? Amsar za ta yi maka amfani a mataki na huɗu.

Mataki na biyu: daga ina biled za ta tashi?

Yawancin biled masu rabin tsayi, wato masu cin rabin tsayin akwati, faifai biyu kawai suke ɗauka, masu inci 2.5. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa biyun a RAID 1, inda kowanne yake riƙe kwafin ɗayan, ko a yi amfani da 'yan faifan M.2 guda biyu, a ɗora babbar manhaja a kansu, bayanai kuma su tafi ma'ajiyar waje. Katin SD da ake yayi a da, a bar shi. Rubutu mai yawa yana cinye shi, har kamfanin VMware ya ja kunnen masu amfani da shi tun zamanin manhajarsa ta vSphere 7.

Hanya ta biyu ita ce biled ta tashi daga ma'ajiyar waje, ba ta da faifai ko ɗaya a cikinta. A nan tsarin biled yake nuna gwanintarsa. Cisco UCS da Virtual Connect na HP suna ajiye shaidar kowace saba, wato adireshin MAC na hanyar sadarwa da lambar WWN ta hanyar ma'ajiya, a cikin wani kundi da ba ya manne da ƙarfen. Idan biled ta mutu, sai ka zare ta, ka zura sabuwa, ka ɗora mata kundin, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ina son wannan tsari ƙwarai, amma ga mai sabobi da yawa da ma'aikatan da suka iya. Ga akwati ɗaya ko biyu, faifai biyu a ciki sun fi kwanciyar hankali.

Mataki na uku: zaɓi ma'ajiyar da za su yi tarayya a kanta

Wannan ita ce babbar shawara, domin ita za ta tantance katin da za ka saya da modul, wato na'urar sadarwa da za ta shiga ramin bayan akwati.

Fibre Channel hanya ce ta musamman da ba ta ɗaukar komai sai zirga-zirgar ma'ajiya. Tana da nata kati, nata suwic (na'urar da ke haɗa kebul tana miƙa saƙo inda ya nufa), nata kebul, da gudun gigabit 16, 32 ko 64 a daƙiƙa. An gina ta ne don kada saƙo ya faɗi a hanya, shi ya sa masu manyan rumbunan bayanai suka riƙe ta gam. Tsadarta ba a kayan kawai take ba, sai ka sami wanda ya san ta.

iSCSI kuwa umarnin faifai ne da aka ɗora a kan TCP, ƙa'idar aika saƙo da intanet ke amfani da ita, yana tafiya a kan Ethernet ɗin da kowa ya sani. A gudun gigabit 25 ya ishi mafi yawan ayyuka. NFS ma a kan Ethernet yake, sai dai shi fayiloli yake rabawa, ba ɗanyen faifai ba, kuma ya fi kowanne sauƙin gudanarwa ga masu tara kwamfutocin cikin manhaja, waɗanda ake kira VM.

Akwai FCoE, wanda yake ɗauko saƙon Fibre Channel ya cusa shi cikin Ethernet. A faɗin cibiyoyin bayanai bai karɓu yadda aka zata ba, amma a cikin akwatin biled ya sami gida: kati ɗaya ya ɗauki komai daga biled zuwa modul, a can a raba, na ma'ajiya ya bi tasa hanya. Sharaɗinsa shi ne Ethernet ɗin ya zama marar zubar da saƙo, ta hanyar PFC, dabarar dakatar da mai aikawa idan hanya ta cika. Sabon shiga shi ne NVMe, wato ƙa'idar magana da SSD, a kan hanyar sadarwa, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2016, aka ƙara masa nau'in TCP a 2018. Yana rage jinkiri, kuma yana iya bin Fibre Channel ɗin da kake da shi idan katin da ma'ajiyar sun yarda da shi.

Ra'ayina: idan kana da Fibre Channel da mutanen da suka ƙware a kai, ka ci gaba da shi. Idan daga tushe za ka fara, Ethernet mai gigabit 25 da iSCSI ko NFS ya fi dacewa, domin ilimi ɗaya zai riƙe maka gida biyu.

Akwai kuma aljihun faifai da ke shiga cikin akwatin kansa, kamar D3940 na HPE Synergy mai ɗaukar faifai 40, ko MX5016s na Dell mai 16. Suna da amfani, amma kowanne yana cinye gurbin da saba za ta zauna. Wanda kuwa ya ƙudurta gina vSAN ko Ceph, manhajojin da ke haɗa faifan sabobi su zama ma'ajiya ɗaya, inda kowace saba take buƙatar faifai da yawa a jikinta, gara ya sake tunani tun yanzu. Sabar rak ta gargajiya ta fi dacewa da wannan aiki.

Mataki na huɗu: daidaita kati da modul

Kowace biled tana da kafofin sadarwa a jikin allonta, da gurbi ɗaya ko biyu na ƙaramin kati da ake kira mezanin. Layukan da ke allon tsakiya a zane suke, ba ka isa ka canza musu hanya ba. A c7000, kafofin jikin biled mai rabin tsayi suna zuwa rami na 1 da na 2 a baya, katin mezanin na farko yana zuwa na 3 da na 4, na biyu kuma daga na 5 zuwa sama. A M1000e an raba su gida uku, A da B da C, kowanne da modul biyu. Ma'anar wannan ita ce, idan ka sa suwic na Fibre Channel a rami na 3 da na 4, to gurbin mezanin na farko a dukkan biled 16 ya zama na Fibre Channel. Wadda ka sa wa katin Ethernet a wannan gurbi ba za ta ga hanya ba. Kafin ka ba da oda, zana jadawali: kowace biled, kowane kati, da ramin da yake faɗawa.

Modul ɗin bayan akwati iri uku ne. Na farko mai wucewa kai tsaye, wanda ba ya yin komai sai fito da kafar kowace biled waje. Yana da sauƙi, kowace saba tana samun cikakkiyar hanyarta, amma ka lissafa: biled 16, kowacce da Ethernet biyu da Fibre Channel biyu, kebul 64 ke nan daga akwati ɗaya. Ribar biled ta tafi. Na biyu cikakken suwic ne a cikin akwati, wanda yake da kyau idan sabobin suna yawan magana da juna, don saƙon ba ya fita waje. Illarsa, kowane akwati ya ƙara maka suwic biyu da za ka kula da su. Na uku shi ne mai miƙa hanya zuwa babban suwic na waje, kamar yadda Cisco UCS yake yi, inda akwatuna da yawa suke rataye a kan suwic guda biyu da ake kira Fabric Interconnect, a gudanar da su daga wuri ɗaya.

A ɓangaren Fibre Channel, ka kunna NPIV a modul ɗin, dabarar da ke barin sabobi da yawa su bi kafa ɗaya kowacce da shaidarta, abin da Brocade ke kira Access Gateway, Cisco kuma NPV. Da shi modul zai bayyana kamar saba, ba zai ci lambar da ake ba kowane suwic na Fibre Channel ba, kuma rigimar haɗa suwic na kamfanoni daban-daban ta ragu.

Mataki na biyar: lissafa hanyar fita

Biled 16 a gigabit 25 kowacce, gigabit 400 ke nan suke shiga modul ɗaya. Idan kebul biyu masu gigabit 100 ne suke fita, kana da biyu bisa ɗaya, wato abin da ke shiga ninki biyu ne na hanyar fita. Ga aikin yau da kullum wannan ba laifi. Amma ka sake lissafin a kan cewa modul ɗaya ya mutu, kayan biyu sun koma kan ɗaya, kuma ma'ajiya tana bin hanyar. Idan lissafin bai fita ba, ƙara kebul. Tsakanin akwati da suwic na saman rak, kebul ɗin tagulla na DAC ya isa, don 'yan mitoci ne. Nesa da haka sai zaren gilashi. Ka duba jerin kawunan kebul da kamfanin ya amince da su, domin wasu modul suna ƙin baƙon kai.

Mataki na shida: komai biyu, kuma kada su haɗu

Modul biyu, suwic biyu na waje, masarrafai biyu a ma'ajiya. A Fibre Channel ana gina hanyar A da hanyar B waɗanda babu kebul ko ɗaya tsakaninsu, don kuskuren da aka yi a ɗaya kada ya tsallaka. A kowace hanya, ka keɓe wa kowace kafar saba yankinta ita kaɗai tare da kafofin ma'ajiya, sannan a ma'ajiyar ka nuna wace saba ce za ta ga wane faifai. A kan sabar, umarnin multipath -ll zai nuna maka hanyoyin da ake gani; idan ka tsara huɗu ka ga biyu, akwai inda aka yi tuntuɓe.

A Ethernet, ka ware VLAN, wato keɓantacciyar hanya a cikin suwic, daban ga ma'ajiya, ga ƙaurar VM, da ga masu amfani. Kebul ɗin fita a ɗaure su da LACP, ƙa'idar da ke haɗa kebul da yawa su zama hanya ɗaya. Kafofin iSCSI na saba kuwa a bar wa manhajar hanyoyi da yawa ta raba musu kaya. Idan ka ɗaga MTU, wato iyakar girman saƙo ɗaya, zuwa bayit 9000, dole ya zama haka a saba, a modul, a suwic, da ma'ajiya. Gwajinsa a Linux shi ne ping -M do -s 8972 zuwa adireshin ma'ajiyar. Idan ya wuce, hanya ta buɗe. Idan wuri ɗaya ya rage a 1500, ƙananan saƙonni za su riƙa wucewa lafiya, manya suna maƙalewa, a yi ta neman dalili.

Ga wani tarko na biled kaɗai. Idan kebul ɗin fita na modul ya yanke, biled ba ta sani ba, domin layinta na ciki zuwa modul yana nan a kunne. Sai ta ci gaba da tura saƙo cikin hanyar da ta toshe, ga ɗaya modul ɗin lafiya lau ba ta koma kansa ba. Maganin shi ne a saita modul ya kashe kafofin ciki da zarar na waje sun mutu. Virtual Connect yana kiran wannan SmartLink, wasu kamfanoni suna da nasu sunan. Ka nemo shi ka kunna.

Mataki na bakwai: hanyar gudanarwa da manhajar cikin na'ura

iLO na HP da iDRAC na Dell, wato na'urorin kula da saba daga nesa, da na'urar kula da akwatin kansa su zauna a hanyar da ba ta haɗu da ta masu amfani ba, a kan suwic daban in da hali, don ranar da babbar hanya ta faɗi ka sami ƙofar shiga. Ka canza kalmomin sirrin da suka zo da su. Manhajar cikin akwati, ta modul, ta kati da direbobinsu kuwa tare suke tafiya. Bi jadawalin dacewa na kamfanin, kuma ka sabunta modul ɗaya, ka tabbatar ya dawo, kafin ka taɓa na biyu.

Mataki na takwas: gwada da hannunka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin sabobin su karɓi aikin gaske, ka ɗora musu kaya da manhajar gwajin faifai irin fio, ka bar ping, umarnin gwada isar saƙo, yana gudana, sannan ka je bayan rak. Zare kebul ɗin fita ɗaya, ka ga daƙiƙa nawa aka yi kafin saƙo ya koma ɗaya hanyar. Mayar da shi, ka zare modul ɗin gaba ɗaya. Kashe suwic na hanyar A, ka duba ko rubutu ya tsaya. Sake tayar da masarrafa ɗaya ta ma'ajiya. Cire layin wuta ɗaya na akwatin. Bayan kowane gwaji, ka tabbatar hanyoyin sun dawo cif yadda suke, domin wani lokaci hanya tana faɗuwa lafiya amma ta ƙi dawowa da kanta. Rubuta sakamakon kowanne tare da jadawalin kati da rami, ka liƙa wa kowane kebul suna a bakinsa biyu, ka maimaita gwajin duk lokacin da aka sabunta manhajar modul ko aka ƙara sabon akwati.