Yadda Ake Hana Baƙin Yadi Nunawa Ta Cikin Fari A Bargon Haɗe-haɗe

1. A fara wanke yadi mai duhu shi kaɗai, musamman ja da shuɗi, don wasu na zuba.

2. A haɗa ƙyallayen fuska da fuska, a bar rarar ɗinki (yadin da ke tsakanin ɗinkin da bakin ƙyalle) ta kwatan inci, wato kimanin milimita 6.

3. A goge ɗinkin da dutsen guga tukuna kafin a buɗe ƙyallayen, sannan a kwantar da rarar ta ɓangaren mai duhu. Danna dutsen guga ake yi a ɗaga. Jan sa yana miƙar da yadi.

4. Wani lokaci dole rarar ta kwanta ƙarƙashin farin, kamar inda ɗinkuna suka haɗu suka yi kauri. Nan ne baƙin ke leƙowa, domin ya ɗara farin faɗi ko da kaɗan. A sa ƙaramin almakashi a rage gefen baƙin kawai da milimita 2, farar rarar ta rufe shi. Kada a matsa kusa da zaren, ɗinkin zai warware.

5. Kafin a shimfiɗa audugar ciki, a ɗaga aikin ta fuskar taga, a tsince duk baƙin zaren da ya maƙale a baya. Audugar ma fara za a sa.