Yadda ake haɗa fitilar renon shuka a ɗaki da zaren LED

Na san wani zai ce to kai a Garwa, da ranar nan da take soya mutum a tsaye, me za a yi da fitilar shuka kuma? Gaskiyarsa ne. In kana da tsakar gida mai katanga, ba akuya ba kaza, wannan ba naka bane, je ka yi shukarka a rana kyauta. Amma da yawanmu ɗakin haya muke, taga ɗaya ƙarama ita ma kullum a rufe saboda ƙura, ƙofar ɗaki kuma hanyar awakin maƙwabta ce. Sannan daga Maris zuwa Mayu, ko Garwa ko Marwa ko Kusiri har Injamena, zafi yana wuce digiri 40, ɗan tsiron salat ko tumatir da ya leƙo da safe in ka bar shi a fili kafin la'asar ya kwanta. To fitilar nan ta reno ce: ka tsirar da tumatir, tattasai, attarugu a ɗaki har su yi ƙwari ka dasa, ko ka riƙe na'ana'ar shayinka da salat. Wanda yake mafarkin girbin kwandon tumatir a ƙuryar ɗaki da ita, ya haƙura tun yanzu, kuɗin wutar ma ya fi kuɗin tumatirin.

Kuma dan Allah a daina cewa ai ƙwan fitilar ɗaki ya isa. Idonka ne yake ganin ɗakin da haske, ganye baya gani haka. A ma'aunin haske da ake kira luks, rana tsaka tana kai 100,000, ɗaki mai ƙwai ɗaya a sama da ƙyar yake ba da 200 zuwa 300 a ƙasa, tsiro kuwa yana son wajen 10,000 zuwa sama a kan ganyensa. Kaga tazarar ba kaɗan bace.

Abin da zaka nema shi ne zaren LED mai volt 12, irin na naɗi mai mita 5, lamba 5050 ko 5630, mai ƙwayoyi 60 a kowace mita. Fari zaka saya. Wannan mai launin shunayya da ake ta tallarsa wai shi ne na shuka, ni ban yarda a saya ba, eh gaskiya ne ja da shuɗi ganye ya fi amfani da su, amma farin LED ma yana ɗauke da su a ciki, kuma a ƙarƙashin shunayyar nan bazaka taɓa gane ganye ya fara rawaya ko ƙwari sun hau ba sai abu ya lalace, ga shi ɗakinka ya koma kamar gidan rawa. Ka duba kwalin, in an rubuta 6500K shi ne fari tas, 3000K shi ne mai ɗan ja-ja. Mafi yawa ka ɗauki 6500K, in aljihu ya yarda ka haɗa layi ɗaya ko biyu na 3000K, in bai yarda ba ba komai. Mai shago zai so ya tura maka wanda aka lulluɓe da roba wai ruwa baya shigarsa, ya fi tsada kuma, ka ce a'a. Robar nan riƙe zafi take, bayan ɗan lokaci ta yi rawaya ta dusashe hasken. Tsirara zaka saya.

Sai alminiyum. Je wajen masu haɗa taga da ƙofar gilashi, guntaye na nan zube a ƙasa, wani ma kyauta zai baka in ka iya gaisuwa. Guntu 6 masu tsawon santimita 50 zuwa 60, ko kuma babban tiren alminiyum mai shimfiɗaɗɗen gindi. Sai waya ja da baƙa, caja mai volt 12, fankar tsohuwar kwamfuta, igiyar roba mai kulle kanta irin ta masu wayarin, da sarƙa ko igiyar ratayewa.

Yanka zaren gida 6, kowanne santimita 50, mita 3 kenan, wannan ya ishi fili kamar santimita 60 da 40. A jikin zaren duk bayan ƙwaya 3 akwai layi da hoton almakashi da ɗigon jan ƙarfe, nan kaɗai ake yankawa, in ka kauce ƙwayoyin gefen sun mutu.

Yanzu ga inda kusan kowa yake faɗuwa, kuma nan zan daɗe. Mutane sun ɗauka LED baya zafi tunda ba irin tsohon ƙwan nan bane mai ƙona hannu. Yana yi mana, sai dai ta baya yake fitar da shi. Sai kaga mutum ya ɓare takardar bayan zaren ya manna a katako ko kwali ko murfin bokitin roba, ya kunna, haske fes, ya ɗauki hoto ya tura wa abokai. Katako da roba basa jan zafi, zafin sai ya tsaya a jikin ƙwayar, ɗakin kuma dama kwano ne a sama a watan Afrilu. Sati biyu uku hasken ya fara raguwa a hankali yadda ido baya lura, wasu ƙwayoyin su yi baƙi uku uku, gam ɗin bayan ya narke ya yi danƙo, wata rana ka dawo daga kasuwa ka tarar zaren ya saki ya faɗo ya kwanta a kan tsiron da ruwan da ka zuba da safe. Na ga wannan a ɗakin mutane ba sau ɗaya ba, kuma kowa zaren yake zagi wai jabu ne, alhali ko mai kyau ne haka zai yi.

Aikin alminiyum shi ne ya tsotse zafin ya watsa wa iska, shi ya sa ba ado bane. Amma manna ɗin ma da yadda ake yi. Guntun da ka kwaso yana da ƙura da maiƙon hannu, ka wanke da sabulu ya bushe, ka goge da barasar asibiti, daga nan kar ka sake taɓa fuskar. Ɓare takardar kaɗan kaɗan kana dannawa da yatsa a tsakanin ƙwayoyin, ba a kansu ba, kar ka bar kumburin iska ko ɗaya a ƙasa, duk inda zaren bai taɓa ƙarfe ba to wurin ne zai fara ƙonewa. Kuma ko ya kama ram kar ka yarda da gam ɗin, ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Ɗaure da igiyar roba duk bayan santimita 10, a tsakanin ƙwayoyi, kar ka matse har ta yanki zaren. Wasu suna ɗiga gam mai ƙarfi irin na gyaran takalmi, ni bana so, tururinsa yana barin fari fari a fuskar ƙwaya, kuma ran da layi ɗaya ya mutu bazaka iya cire shi ba.

Wurin bakin zaren inda jan ƙarfe yake a buɗe, sa ɗan salatif ɗin wuta a ƙarƙashi kafin ka manna. Alminiyum yana ɗaukar wuta, in dalma ta gangara ta taɓa shi wutar + da − ta haɗe kenan, caja ta tafi.

Ka jera guntayen da tazarar santimita 6 zuwa 7, ka ɗaure su a kan sanda biyu ta gefe kamar tsani, bayansu a buɗe iska na wucewa. Kar ka rufa masa kwali ko zani a sama wai don kyau. Fankar kwamfutar nan ita ma volt 12 ce, jona ta a caja ɗaya ta riƙa hura bayan ƙarfen, wanda ke Gaundare da sanyinsu zai iya tsallake ta, amma daga Garwa zuwa arewa dole ce. In ka gama, kunna ka bar shi awa ɗaya cur sannan ka ɗora yatsa a bayan alminiyum. Ɗumi ba laifi. In baka iya ƙirga goma yatsanka na kai ba, akwai matsala, ko ka ƙara ƙarfe ko ka ƙara iska, kar ka ce bari mu gani.

Me ya sa nake ta nacin zafi? Saboda shi yake jawo ɗaya cutar. Fitila in tana zafi mai ita tsoro yake ji sai ya ɗaga ta can sama, haske kuwa da ka matsa da shi faɗuwa yake sosai ba kaɗan ba. Tsiron sai ya miƙa wuya yana neman haske, kara siriri fari kamar zare, ganye biyu ƙanana a can ƙoli, ka ga tsawo ka ce masha Allah yana girma, kwana kaɗan ya faɗi da kansa. Tsiro mai lafiya gajere ne, kara mai kauri, ganye kore shar a kusa da juna. Fitilar da ta huce zaka iya sauko da ita santimita 10 zuwa 15 saman ganye, nan ne wurinta. Sa bayan hannunka daidai kan ganyen minti ɗaya, in baka ji zafi ba shi ma bazai ji ba. Shi ya sa sarƙa ta fi ƙusa, tsiro na tashi kana ɗagawa ido ɗaya ɗaya. Akwai manhajar auna haske a waya, ba daidai take ɗari bisa ɗari ba amma ta isa ta nuna maka yadda lambar take zubewa in ka ɗaga fitilar taƙi ɗaya, gwada da kanka ka gani.

Haɗin waya ba wuya. Kowane guntu yana da alamar + da −, ja a +, baƙa a −, duk jajayen su haɗu wuri ɗaya, baƙaƙen ma haka, su tafi caja. Kar ka jera su wutsiya da kai kamar yadda suka zo a naɗi, na ƙarshen dusu dusu zai yi. In baka iya like da dalma ba kai wa mai gyaran rediyo ko waya, aikin minti kaɗan ne, ya fi maƙalan roban nan da ake sayarwa, da sun ji zafi suke saki.

Lissafin caja: zaren 5050 yana cin wajen wat 14.4 a mita, mita 3 wat 43 kenan, ka raba da 12 ya baka amper 3.6. To ka sayi mai amper 5, caja bata son aiki a ƙarshen ƙarfinta. Ɗan ƙaramin nan mai amper 1 ko 2 na dikoda zai kunna, amma zai yi ta ƙyaftawa yana zafi har ya mutu. Cajar laftof kuma yawanci volt 19 ce, ka jona ka ƙona zaren nan take. Ni na fi son caja rufaffiya da irin mai akwatin ƙarfe mai huji huji, don wancan bakin volt 220 ɗinsa a fili yake, gida da yara da ruwan ban shuka ba wasa bane. Ko wacce ce dai a rataye ta sama nesa da tukwanen.

Masu sola ku kun huta da caja, amma ku yi lissafi. Wat 43 sau awa 14 ya kama wajen wat-awa 600, batir mai volt 12 da 100Ah kuwa wat-awa 1200 yake ɗauka gaba ɗaya kuma rabi ake so a ci in ana son ya yi kwana, wato fitilar nan kaɗai ta cinye rabon dare, ba fanka ba cajin waya. Gara ku kunna da rana lokacin da faranti ke aiki. Sai dai a lokacin batir yana haurawa volt 14 da wani abu, zaren zai ƙara haske ya ƙara zafi, ku nemi ɗan abin daidaita wuta da ke tsayar da ita a 12, masu kayan sola sun san shi. Mai wutar gari kuma a bazara zai iya juyawa, ya kunna daga la'asar zuwa safiya lokacin da ɗaki ya ɗan huce, in dai da rana wurin da duhu.

Awa 14 zuwa 16 ake ba tsiro, sauran duhu, kar ka bar ta dare da rana wai don ya yi sauri, shuka ma tana son hutu. Akwai ɗan agogon da ake sawa a soket yana kunnawa yana kashewa, in babu ka ɗaura da sallah, kunna bayan asuba kashe bayan isha'i, ya yi daidai. In an ɗauke wuta yini ɗaya ba abin da zai same su, in ta wuce haka matsa da su bakin taga ko inuwar ƙofa.

Bangon gefe ka sa farin kwali ko farin fenti ya mayar da haske, takardar alminiyum in ta yamutse ba ta fi shi ba. Lokacin hunturu ƙura tana zama a kan ƙwayoyin, kashe ka goge da busasshen tsumma duk sati. Ƙasa kuma yashi da taki wanda ya ruɓe sosai, robar yawurt ko gindin gorar ruwa ka huda ƙasa, ruwa sai saman ya fara bushewa, a ɗaki yawan ruwa ya fi ƙishi kashe tsiro. Na'ana'a reshe zaka yanko ka sa a ruwa ya yi saiwa, ba sai iri ba, kana tsinkar kanta tana ƙara yaɗo. Tumatir da tattasai in sun yi ganyen gaske 4 zuwa 6 (ban da biyun farko da suka fito da su) sun isa dashe, amma kar ka kwashe su daga ɗaki ka kai rana kai tsaye, ƙonewa zasu yi. Fara da awa ɗaya na ranar safe, gobe ka ƙara, haka har sati, sannan ka dasa da yamma ka ba su ruwa sosai.