Yadda ake sallama da gari idan ƙaura ta kama

A Tawa tafiya ba baƙon abu ba ce, domin duk shekara da an gama girbi samarin Adar sukan kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya ci-rani, kuma kowa ya san yawancinsu za su komo kafin ruwa ya sauka. Ƙaura daban take. Ma'aikacin da aka mayar Yamai, ko ɗan kasuwar da ya kwashe iyalinsa baki ɗaya, zai bar unguwar da ta san shi, ta halarci sunan ƴaƴansa, ta zauna masa makoki, kuma irin wannan rabuwa ba a ranar tafiya ake yi mata sallama ba. Ka ba ta mako uku ko huɗu.

Ka fara da bashi tun kafin labarin tashinka ya bazu, domin wanda ya biya bayan an tare shi a ƙofar gida ya biya kuɗin amma ya bar magana. Ka je wurin mai shagon bakin layi ya buɗe littafinsa a gabanka, ka tuna da tela da mai garuwa da makanike, ko da jika ɗaya ce ta rage. Idan uwargida tana cikin adashi kuma ta riga ta kwasa, ku zauna da uwar adashin ku tsayar da yadda zubin zai ci gaba da zuwa ta kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Amana har zagayen ya cika. Wanda kake bi kuwa, ko dai ka karɓa cikin lalama, ko ka ce masa ka yafe da bakinka, don kada ya riƙa kauce wa ƴan'uwanka a kasuwa.

Harkar takardu ba ta da wuya idan an yi ta da wuri. Ka sanar da mai gidan haya wata guda kafin ka fita, ku karanta lambar kwantan wuta da ta ruwa tare, ka ɗauki hotonsu, ka biya takardar ƙarshe. Ka karɓi shaidar karatun yara daga daraktan makaranta, musamman idan tashin ya zo dab da komawa aji a watan Oktoba, ka haɗa su da takardun haihuwa da katin rigakafi a jakar da ba za ta shiga cikin kaya ba.

Daga nan sai mutane, kuma a nan ne jeri yake da muhimmanci. Iyaye da surukai su fara ji daga bakinka, sannan limamin masallacinku da mai unguwa, sannan maƙwabta gida-gida. Dattijo ba a yi masa sallama ta waya alhali kuna gari ɗaya. Ka taka da ƙafarka bayan la'asar, ka zauna ƙasa, ka bari a gama gaisuwa kafin ka kawo abin da ke tafe da kai. Kalmomin ba su da yawa: "Baba, aiki ya mayar da mu Yamai, na zo in yi muku sallama. Zaman tare sai da saɓani, abin da muka yi muku cikin sani ko rashin sani a yafe mana." Zai ce, "Ba ku yi mana komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya ɗora da addu'a, kuma kada ka miƙe kafin a shafa.

Gidan da ya fi nauyin shiga shi ne na wanda kuka yi tsamin dangantaka, wataƙila kan magudanar ruwa ko faɗan yara da ya zama na manya. A ganina shi ya fi cancanta da tattaki. Idan kana jin ba za a karɓe ka ba, ka nemi wani dattijo da kuke ganin girmansa ku biyu ya raka ka, kuma kada ka tayar da tsohon zance don a gane mai gaskiya.

Ka rubuta sunaye a takarda, domin waɗanda ake mantawa su ne waɗanda ake gani kullum. Lokacin da na tashi daga Tawa na zagaya abokan aiki da ƴan fadarmu kaf, har muka kai tsakar dare kan shayi, amma na manta da wata tsohuwa mai ƙosai a kusurwar layinmu, wadda shekara shida take ƙara wa ƴata ƙosai biyu a kan na kuɗinta tana kiranta kishiya. Da na koma hutu bayan wata takwas na tarar da murhunta a kife, aka ce ta rasu, kuma ta yi ta tambaya ko lafiya ba ta ƙara ganin yarinyar ba. Saboda haka ka bar wa uwargida kwanakinta na shiga gidaje ba tare da gaggawa ba, ka kai yara su yi ban kwana da malamin allo da ɗan abin sadaka a hannu, kuma idan kana da naka a maƙabarta ka ziyarce su da safe.

Kayan da mota ba za ta ɗauka ba, irin su randa da turmi da tsofaffin tabarmi, kyautar da su ya fi sayarwa ga maƙwabci. Tunkiya ko akuya da za ka bar wa wani kiwo, ku faɗi sharaɗin rabon ƴaƴanta a gaban shaida.

Motocin Yamai da asuba suke tashi, kuma tafiyar kimanin kilomita 550 ce ta Badagishiri da Kwanni da Dogondutsi da Doso, don haka ka yanki tikiti ka kai kaya tasha tun jajibiri. Ka roƙi masu rakiya su tsaya ƙofar gida, mutum biyu sun isa zuwa tasha. Da ka sauka, kafin ka kwance ko ƙulli ɗaya, ka kira iyaye da maƙwabcin da ya kama maka kaya ka ce kun iso lafiya.

Watannin farko a Yamai za ka ji kewa, musamman da magariba idan ka fito masallaci ana hira da Zabarmanci ba wanda ya san sunan mahaifinka. Ka nemi ƴan Adar da ke birnin, amma ka gaida sababbin maƙwabtanka tun makon farko. Ka riƙa aika gudummawarka idan an yi haihuwa ko rasuwa a tsohuwar unguwa, kuma ta'aziyya ka yi ta da murya. Wanda kuwa tafiya ta zo masa bagatatan har ya tashi bai sallami kowa ba, ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya ta waya ya ba da haƙuri, sannan zuwansa na farko, ko da na Babbar Salla ne, ya ware yini guda ya shiga gidajen da goro da ɗan sabulu, ya fara da gidan wanda ya fi tsufa.