Darasi na 9: Haɗa Gahawa a Gida, da Abin da Ke Sa Ta Ɗaci

Gahawa, wadda wasu ke kira kofi, asalinta daga ƙasar Habasha ne. A Najeriya ma ana noma ta a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Iri biyu aka fi sayarwa: Arabika da Robusta. Robusta ta fi ɗaci tun daga gona, kuma sinadarin kafin da ke cikinta, wanda ke hana barci kamar na goro, ya kusan ninka na Arabika. Idan Robusta kuka saya, kada ku zargi hannunku da yawa.

Amma yawancin ɗacin da ake kuka da shi a wurin haɗi yake samuwa. Ruwan zafi ba ya jawo abin da ke cikin garin gahawa lokaci guda. Tsami ne ke fara fita, ƙamshi da ɗan zaƙi su biyo baya, ɗaci da bauri su zo daga ƙarshe. Gwanin haɗi shi ne wanda ya raba ruwan da garin kafin na ƙarshen nan ya yi yawa.

Awo

Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce. Tana ɗaukar garin gahawa giram 30, wato babban cokali 6 a shafe, ba a tula ba. Wannan ya ishi mutum biyu.

Yadda ake haɗawa

A tafasa ruwan a buta, a sauke. A dakata kamar minti ɗaya ya ɗan huce, domin zafin da ake so bai kai na tafasa ba, tsakanin digiri 90 ne da 96. A zuba garin a tukunya mai tsabta, a tsiyaya ruwa kaɗan ya jiƙa shi. Idan garin sabo ne za ku ga ya kumbura yana kumfa. Sai a zuba sauran ruwan, a motsa sau ɗaya, a rufe. Minti 4 ya isa. A tace da rariya mai laushi ko farin ƙyalle. Kada a matse ƙyallen don ƙyashin ɗan abin da ya rage; wannan ragowar ita ce mafi ɗaci.

Inda ake kuskure

Na farko shi ne niƙa. Garin da za a jiƙa haka ya kamata ya yi tsaki-tsaki kamar garin kwaki. Idan ya yi laushi kamar fulawa, ruwa zai cinye shi da wuri, kuma ya bi ta rariya ya kwanta a gindin kofi yana ci gaba da sakin ɗaci har a shanye. Mai daka a turmi ya daka kaɗan-kaɗan yana dubawa.

Sai barin ta a kan wuta. Mun saba da shayi, inda ake barin ganye yana ta tafasa a butar. Gahawa ba ta jure wannan. Mutanen Sudan suna dafa tasu a jabana, wata 'yar buta mai dogon wuya, da citta, amma da ƙarfinta suke son ta, a ƙananan kofuna, da sukari. Ɗumame ma yana ɓata ta. In za a ajiye, a tace tukuna a zuba a fulas.

Masu sayen ɗanyen ƙwaya su soya da kansu su kula da kasko. Wuta matsakaiciya, juyawa ba tsayawa, kamar suyar gyaɗa. Za a ji ƙwayar ta fara fashewa kamar gugguru. Jim kaɗan bayan nan, idan ta yi ruwan ƙasa, a juye a faifai a fifita ta huce, a bushe ɓawon. Idan ta yi baƙi tana ƙyallin mai, ta wuce. Ƙauri ne wannan, kuma babu sukarin da ke ɓoye shi.

Gahawa tana da maiƙo. Yana mannewa a tukunya da ƙyallen tata, ya lalace, ya ɓata haɗin gobe. A wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya. Garin kuma a gwangwani mai murfi za a adana shi, nesa da rana da danshi, nesa da daddawa da yaji, don yana shan warin abin da ke kusa da shi.

Gahawar gwangwani irin Nescafé an riga an dafa ta an busar. Ƙaramin cokali ɗaya a kofi, ruwan zafi a kai, ba a ɗora ta a wuta.

Idan an riga an haɗa ta yi ɗaci, ɗan gishiri da bai fi abin da yatsu biyu za su tsinta ba yana rage shi, haka ma madara. Idan kuwa tsami ta yi, ta zama salam, ruwan bai yi zafi ba ne ko an tace da wuri.

Aikin gida

Ku haɗa sau biyu da awo ɗaya. Ku tace ta farko a minti 4, ta biyu a minti 10. Ku ɗanɗana ba sukari, ku rubuta jimla 3 a kan bambancin da kuka ji.