Kurakuran da aka fi yi wajen cire tabo daga bahon wanke hannu na tangaran

Bahon wanke hannu na tangaran ya shigo sababbin gidaje da ɗakunan shan magani a ƙauyukan Kano da Jigawa, amma har yanzu akasarin mutane suna yi masa wankin tukunya, wato a dirje shi da toka ko yashi ko soson ƙarfe. Wannan shi ne kuskure mafi girma, domin shafin nan mai ƙyalli da ke saman tangaran gilashi ne, kuma idan ya karce ba ya komawa yadda yake. Daga nan datti zai riƙa maƙalewa cikin karcen, har ta kai baho ya dushe ko da kullum ake wanke shi. Soso mai laushi da sabulun ruwa sun isa wankin yau da kullum, idan kuma ana son ɗan gurzawa sai a kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan a shafa a hankali.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar kowane tabo a matsayin abu guda. Jan layin da ke gangarowa daga ƙarƙashin famfo zuwa magudana tsatsa ce, wadda kan fito daga ruwan burtsatse mai sinadarin ƙarfe ko daga tsohon tankin ƙarfe da bututunsa. Mutane da yawa sukan kwarara mata bilic irin su Hypo ko Jik, alhali bilic ba ya narkar da tsatsa, yana ma iya ƙara kafe ta. Kanwa ma ba ta da tasiri a nan, aikinta a kan maiƙo yake. Abin da tsatsa ke ji shi ne tsami: a matse lemon tsami a gauraya da gishiri kaɗan, a shafa a wurin, a bar shi kamar minti 30, sannan a goge a ɗauraye. Tsohon tabo yana buƙatar a maimaita, kuma haƙurin maimaitawa ya fi arha a kan sayen sabon baho. Farin ɓawon da ke taruwa a gindin famfo shi ma tsami ke narkar da shi, sai a jiƙa tsumma da ruwan khal a naɗe wurin na ɗan lokaci.

Bilic yana da muhallinsa, wato tabon shayi, goro ko lalle, muddin an sirka shi da ruwa kuma an ɗauraye sosai. Sai dai kada a kuskura a haɗa shi da lemon tsami, khal ko ruwan wanke masai mai asid, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba, wadda ke da haɗari ƙwarai a banɗaki mai ƙaramar taga. Ruwan batir da wasu ke nemowa wurin masu caji kuwa yana ƙona fata, yana kuma cinye famfo da bakin magudana.

Akwai kuma masu cire tabo su bar sanadinsa. Famfon da ke ɗiga dare da rana zai dawo da jan layin ba da jimawa ba, don haka a kira mai gyaran famfo ya canza robar cikinsa. Reza ko gwangwanin da aka ajiye a gefen baho mai danshi shi ma yakan bar zoben tsatsa, saboda haka a nema musu wani wurin ajiya busasshe.