Yadda Ake Sauya Makullin Mota Mai Cif Idan Ya Tsufa

Yawancin motocin da 'yan'uwanmu ke tuƙawa a Jidda da Makka da Madina suna da ɗan ƙaramin cif a cikin kan makullinsu. Wannan cif ba ya aiki da batir. Wani zoben waya da ke kewaye da ramin makulli ne yake ba shi ƙarfi, shi kuma ya mayar da lambar sirrinsa, sannan ƙwaƙwalwar motar ta yarda ta saki mai da wuta. Idan lambar ba ta dace ba, makulli zai juya amma mota ba za ta tashi ba.

Kafin ka kashe riyal ko ɗaya, ka fara gano abin da ya lalace. Idan rimot ne ya daina buɗe ƙofa amma mota tana tashi, galibi batir ne, kuma makullai da yawa suna ɗaukar CR2032. Idan kwanson roba ne ya tsage saboda zafin rana da yawan latsawa, sabon kwanso ya wadatar, amma ka tsaya a kan mai gyaran har ka ga ya ɗauke cif ɗin daga tsohon ya sa a sabo. Girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa da yawa ba, wani lokaci kuma a manne yake da gam a wani lungu, shi ya sa ake yawan jefar da shi tare da tsohon kwanso.

Matsalar da ta fi muhimmanci ita ce cinyewar haƙoran ƙarfen, wato lokacin da sai ka jijjiga makulli ko ka ɗan zaro shi kafin ya juya. A nan shawarata ita ce kada ka yarda a kwafi tsohon makullin a inji, domin injin zai kwafo har da cinyewar, ka biya kuɗin sabo ka koma gida da tsohuwar cuta. Ka nemi a yanka shi da lambar makulli ta asali, wadda wakala, wato dillalin kamfanin motar, ke iya fitarwa daga lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Ka tafi da istimara, wato takardar rajistar motar, da iƙamarka, wato katin izinin zama, domin mai sana'ar kirki ba zai yanka makulli ba sai ya tabbatar kai ne mai motar.

Sai kuma saita sabon cif da motar, wato barmaja, kamar yadda ake kiranta a shagunan sina'iyya, unguwar masu gyaran mota. Mai aikin zai jona na'urarsa a ramin OBD, wato wurin jona na'urar binciken mota, mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya gabatar wa motar sabon cif. Dole nau'in cif ya dace da motar. A wasu makullan Toyota za ka ga harafin G ko H a jikin ƙarfen, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Haka ma rimot, domin motocin da aka shigo da su daga Amurka yawanci suna amfani da zangon sigina na 315 MHz, alhali na ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha galibi 433 ne. Akwai kuma hanya mai sauƙin kuɗi ta kwafar cif, inda motar ke ɗaukar makullan biyu a matsayin guda. Tana aiki, sai dai idan ɗaya ya ɓata ba za a iya goge shi kaɗai ba, don haka na fi son barmaja ta ainihi.

Duk wannan ka yi shi tun tsohon makullin yana tayar da mota, domin idan ya mutu ko ya ɓata babu na biyu, aikin yakan kai ga ɗaukar motar zuwa wakala ko taɓa ƙwaƙwalwarta, kuɗin kuma ya ninka. Ka kai duk makullan da kake da su ranar aikin, saboda a wasu motoci wanda ba ya wurin yakan fita daga rajista. Kafin ka biya, ka nisanta tsohon makullin daga sitiyari, ka tayar da motar da sabon shi kaɗai, ka tabbatar fitilar tsaro ta dashbod ta mutu, sannan ka gwada ƙofofi da but da kowane maɓalli na rimot.