Hawan Dogon Tsauni Karon Farko: Yadda Za Ka Bi da Jikinka

Daga tsayin mita 2,500 sama da teku ne jikin ɗan Adam yake fara jin ƙarancin iska. Oksijin yana nan kashi 21 cikin ɗari kamar yadda yake a ƙasa, sai dai iskar tana yin shara-shara, har ta kai a mita 5,500 kowane numfashi yana kawo wa huhu kusan rabin abin da yake samu a bakin teku. Ƙarfin jiki ba ya kare kowa daga wannan, hasali ma ƙarfafan matasa sukan riga kowa galabaita saboda gaggawa.

Abin da za ka fi sa wa ido shi ne tsayin wurin da kake kwana. Da zarar ka wuce mita 3,000, kada masaukinka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu ka ƙara kwana guda a wuri ɗaya. Da rana kana iya ɗan hawa sama, sannan ka sauko ka kwana ƙasa, domin ta haka jiki yake sabawa. Shi ya sa a tsaunin Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, hanyoyin kwana bakwai ko takwas suka fi na kwana biyar kai mutane ƙololuwa.

Ka riƙa takawa a hankali, yadda za ka iya magana ba tare da haki ba. Ka sha ruwa sosai, ka ci abinci ko ba ka jin yunwa, ka guji barasa da maganin barci. Sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000, saboda haka riguna masu sauƙi da ake ɗora ɗaya bisa ɗaya sun fi ƙatuwar riga guda amfani. Sabon takalmi kuwa, a fara sabawa da shi tun kafin tafiya.

Ciwon kai, tashin zuciya, jiri da rashin barci su ne alamun farko na rashin lafiyar da ƙarancin iska yake jawowa, kuma sukan bayyana sa'o'i 6 zuwa 12 bayan isowa. Idan ka ji su, ka faɗa wa jagora, kada ka ƙara hawa sai sun tafi. Ɓoye su don kunyar abokan tafiya ganganci ne. Likita yana iya ba ka maganin acetazolamide, mai taimaka wa jiki ya saba da ƙarancin iska, kafin ka tashi, kuma mai sikila ko ciwon zuciya ko na huhu wajibi ne ya nemi shawararsa tun kafin ya shirya kaya.

Idan mutum ya fara tangaɗi, ko hankalinsa ya rikice, ko yana haki alhali yana zaune, ko yana tari mai kumfa, to ƙwaƙwalwa ce take kumbura ko ruwa ne yake taruwa a huhu. A sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, aƙalla mita 500 zuwa 1,000, tare da wani mai lafiya yana riƙe da shi, sannan a kai shi wurin likita.